Daga Dawanau Zuwa Kunya: Malaman Da Ke Koya Wa 'Ya'yan Manoma Lissafin Aljihu

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta arewa a farkon hunturu, ya wuce Kurna ya doshi Dawanau, buhuna ne za su fara cika masa ido. Gero, dawa, masara, wake, riɗi, zoɓo, an jibge su tun daga bakin titi har cikin layukan rumfuna, 'yan dako na ta kai da komo, manyan motoci na jiran lodi zuwa Legas da Nijar da Chadi. An kafa wannan kasuwa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma ana lasafta ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Farashin da aka tashi da shi a nan da hantsi, kafin la'asar ya isa kunnen manomin Kunchi da na Makoda ta waya.

Daga tashar Ƙofar Ruwa na hau mota, kuma abin da ya fito da ni shi ne in ga yadda ake koyar da tattalin arziki a makarantun sakandaren ƙauyukan da ke cika waɗannan buhuna, in kuma ga su wane ne ke koyarwar. Kowace shekara ranar 5 ga Oktoba, wadda UNESCO ta ware wa malamai tun 1994, muna ganin hotunan waɗanda aka karrama a Abuja, wasu da makullin mota a hannu. Na daɗe ina son sanin ko hasken wannan rana yana kaiwa ga malamin da ke tsaye gaban allo a bayan Dambatta.

Da muka karkata hanyar Daura, gine-gine suka fara ja da baya, gonaki suka karɓe gari. A wannan yanki babu daji. Gona tana jingine da gona, iyakarsu 'yar kunya ce ko jerin lalle ko gamba, kuma duk inda ka waiga sai ka hango gida ko rumbu a tsakiyar karan dawa. Itatuwan da ke tsaye, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowanne da mai shi, kowanne da dalilin da ya sa gatari bai taɓa shi ba. Gawo ma a lokacin yake fitar da sabon ganye, bayan ya yi damina tsirara ya bar wa amfanin ƙarƙashinsa rana. Masanin ƙasa ɗan Ingila Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara rubutu a kan wannan kewaye na Kano tun 1965, kuma abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, jama'a na ƙaruwa, amma ba ta mutu ba. Amsar tana cikin mangalar jaki. Toka da shara daga birni, kashin awaki da tumakin da aka ɗaure aka ciyar da harawa, wake da gyaɗa da ake rafkawa tsakanin gero da dawa: komai yana komawa gona. Daga baya masu bincike sun zauna a Tumbau ta ƙasar Gezawa suna auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, suka ƙara tabbatar da hakan.

Mutanen da suka riƙe ƙasa haka shekara da shekaru ba baƙin lissafi ba ne. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai zuwa da littafin tattalin arziki ƙauyen nan ya sani.

Na sauka a wani gari da ke tsakanin Kwanar Dumawa da Kunya, a ƙasar Minjibir, wadda aka sani da masaƙa tun kaka da kakanni. Makarantar jeka-ka-dawo ce, ajujuwa a jere, wasu tagogin ba marufi. Shugaban makarantar ya haɗa ni da malamin tattalin arziki, wani siririn mutum mai furfura kaɗan a gemu, da alli a aljihun gaba. Ya ce in shigo in zauna a baya, 'yan aji biyu na babbar sakandare yake da su.

Darasin ranar a kan buƙata da samuwar kaya ne, da yadda suke haifar da farashi. Na san yadda aka saba yin sa: a zana layuka biyu masu giciye, a rubuta ma'ana da Turanci, yara su kwafa su haddace. Shi bai fara da zane ba. Tambaya ya jefa: nawa aka sayar da tiyar gero ranar Lahadi a kasuwar Dambatta? Hannuwa suka tashi, har da gardama, domin wani ya ce ta sabon gero ake nufi ko ta tsoho. Ya rubuta. Ya sake tambaya: nawa take a watan marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba? Suka faɗa, ya rubuta a gefe. Sannan ya ce su gaya masa abin da ya canza tsakanin watannin nan, tunda gero dai gero ne, cikin mutane kuma bai ƙara girma ba. Wani yaro daga can lungu ya ce, "Malam, yanzu kowa na da shi, kuma kowa na neman kuɗi." Daga bakin yaron nan ya ɗauko darasin, ya zana layukan, ya sa musu sunayensu na Turanci yadda za su gamu da su a jarrabawar WAEC da NECO. Sai da suka riga suka fahimta kafin sunan ya zo.

Bai tsaya nan ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya fi kama ni. Ya ce a ƙaddara magidanci ya ci bashin buhu ɗaya a watan Agusta, da sharaɗin zai biya buhu ɗaya da rabi in kaka ta yi, wato bayan wata uku. Kashi nawa cikin ɗari aka ɗora masa? Suka ce 50. In da haka za a yi ta tafiya har shekara fa? Aka yi shiru, aka duƙufa kan takarda, can wata murya ta ce 200. Ajin ya ɗauki hayaniya. Da yawansu sun san wannan bashi, sun ga an auna shi a ƙofar gidansu, amma ba su taɓa ganin sa a rubuce da lamba ba. Malamin ya bar su suka yi surutunsu, sannan ya ce kowa ya je gida ya tambayi mahaifinsa, cikin ladabi, dami nawa aka samu bana, nawa za a ci, nawa za a fitar zakka, nawa ya rage na sayarwa. Ya tuna musu cewa abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa in ya kai nisabi, na ban-ruwa da wahala kuma rabin haka, don wasunsu iyayensu na noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Tomas da Wasai.

Bayan an tashi muka zauna a gindin darbejiya. Na ce masa, "Malam, wannan salo a ina ka samo shi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan gandu ne. Na ga mahaifina ya sayar da gyaɗa a kaka da arha, ya dawo ya sayi iri da tsada ruwa na sauka. Abin da ya dame ni ina yaro, shi nake koyarwa." Ya ce wahalar fannin a nan ita ce maganar kuɗin ruwa. Manhaja ta ce a koyar da shi, jarrabawa za ta tambaya, amma yaro ya taso ya san riba haramun ce, kuma in ya kai gida cewa malam na koya musu cin ruwa, an shiga uku. Don haka yake koya musu lissafinsa domin su gane shi in an ɓoye musu shi cikin takarda, sannan ya buɗe musu abin da ke cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin: ƙirali, inda mai jari da mai aiki ke raba riba, da salam, inda ake biyan kuɗin amfani tun kafin girbi bisa sharuɗɗa bayyanannu. Yakan gaya musu cewa bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ya fara aiki a 2012 kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe. Limamin garin, in ji shi, ya taɓa shigowa ajin suka yi darasin rabon gado tare, yara suka ga da idonsu yadda gona ɗaya ke zama 'yan falle-falle bayan an raba ta sau biyu, da dalilin da ya sa samari ke tafiya cin rani.

Wannan mutum bai taɓa karɓar ko da takardar yabo ba. Bai faɗa da ƙorafi ba, ni na tambaya.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Dambatta. Kara cike take da tumaki da awaki da shanu, dillalai na riƙe da igiya suna ciniki, ana sallamawa ana karɓar la'ada. A kowace kusurwa akwai ɗan POS a ƙarƙashin laima, kuma yawancinsu samari ne da ba su daɗe da gama sakandare ba. Kasuwannin karkara irin wannan sun sha wuya a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka ƙi karɓuwa, sababbin suka ƙi samuwa. Manomi ya kawo akuya ba mai tsabar kuɗi, an ce a tura masa ta waya, shi kuma ba shi da asusun banki. Wasu sun sayar da dabba a wulaƙance don kawai su riƙe takarda a hannu. A wannan lokaci yaron da ya san yadda ake buɗe asusu, ya san bambancin saƙon banki na gaske da na bogi, ya san ba a ba kowa lambar sirri, shi ya zama idon gidansu. Wani ne ya koya masa, kuma sau da yawa wanin nan malamin makaranta ne.

Babban Bankin ya fitar da tsarin shigar da jama'a harkar banki tun 2012, kuma kowace shekara a watan Maris, a makon da duniya ke ware wa wayar da kan yara game da kuɗi, ma'aikatan bankuna kan ziyarci makarantu su yi lacca. Abu ne mai kyau. Sai dai baƙo na yini ɗaya ne, kuma ya fi sauka inda kwalta ta kai. Wanda zai zauna da yaro shekara uku, ya san mahaifinsa, ya san gonarsu, ya san ranar da ba a ɗora tukunya a gidansu ba, shi ne malamin aji. In damfara irin ta MMM, wadda ta rufta da kuɗin 'yan Nijeriya a Disambar 2016, ta sake dawowa da sabon suna a cikin waya, kamar yadda CBEX ta yi a 2025, shi ne zai tsaya gaban allo ya tambayi yara: wace sana'a ce ke ninka kuɗi cikin wata ɗaya, kuma me ya sa mai ita yake neman naku?

Daga Dambatta na yanka yamma zuwa ƙasar Bichi. Hanya ce mai ƙura, ana ta cin karo da amalanken shanu ɗauke da kara. A wata makarantar 'yan mata na tarar da malama mai koyar da darasin kasuwanci a ƙaramar sakandare. Ta gama karatunta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, kuma daga wani gari take zuwa kullum. Ajinta ya cika maƙil, wasu a kan benci, wasu a tabarma.

Kusan kowace yarinya a ajin tana da hannu a wata sana'a ta cikin gida: awara, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinkin hula, dafa-dukar talla. Malamar ta sa kowacce ta ware 'yan shafuka a bayan littafinta, ta raba gida uku: abin da aka kashe, abin da aka sayar, abin da ya rage. Ta ce da suka fara, yawancinsu ba sa sa itacen girki da kuɗin niƙa cikin lissafi, ba sa sa wanda aka ci a gida, ba sa sa bashin da maƙwabta suka ɗauka. Da aka sa, wata yarinya ta gano cewa awarar mahaifiyarta uwar kuɗin take ci a hankali, shi ya sa kowane wata sai an nemo ciko. Suka koma sayen waken suya da tiya maimakon gwangwani-gwangwani, suka rage ba da bashi. Malamar ta ce uwar yarinyar ta aiko mata da ƙullin daddawa, da saƙon cewa, "A gaishe da Malama, Allah ya yi wa zuri'a albarka." Ta ce wannan ce kyautar da ta taɓa samu a aikin, kuma ta ji daɗinta har zuciya.

Tana koya musu adashi ma, wanda duk sun sani a wajen iyayensu mata, amma ta fuskar da ba a cika kallo ba: wace ce ta fi cin moriya, mai kwasar farko ko ta ƙarshe, in kaya na tashi kowane wata? Me za a yi in uwar adashi ta rasu ko ta yi tafiya, alhali ba a rubuta komai ba? Yarinyar da za a aurar bayan aji uku, in ji ta, wataƙila ba za ta sake zama gaban allo ba har abada, don haka abin da za ta tafi da shi ɗakinta dole ya zama mai amfani tun ranar farko. Na daɗe ban ji bayanin manufar ilimi da ya kai wannan nauyi ba.

A hanyar dawowa na yi ta auna abin da na gani da kyaututtukan da ake da su. Gwamnatin Tarayya na da lambar yabo ta shugaban ƙasa ga malamai da makarantu, wadda ake miƙawa a Abuja. Akwai gasar Maltina ta gwarzon malamin shekara, da aka fara a 2015, ana fitar da zakaran kowace jiha kafin na ƙasa. A duniya akwai kyautar Gidauniyar Varkey ta dala miliyan 1, wadda Peter Tabichi, malamin wata makarantar ƙauye a yankin Nakuru na Kenya, ya ci a 2019, abin da ya nuna malamin karkara na iya kaiwa ƙololuwa in an gan shi. Duka waɗannan na malamai ne gaba ɗaya, kowane fanni. A Amurka kuwa akwai ƙungiyar Council for Economic Education, wadda asalinta ke komawa 1949, da ke horar da malaman tattalin arziki da sarrafa kuɗi tana kuma karrama fitattunsu musamman, domin ta ɗauki fannin a matsayin abin da ɗan ƙasa ba zai rayu ba sai da shi.

Matsalar ita ce hanyar da ake bi a kai ga irin waɗannan kyaututtuka. Ana cike takarda ta intanet, a yi dogon rubutu da Turanci, a haɗa hotuna da shaidu. Malamin da ke cajin wayarsa a shagon kasuwa, wanda ke koyar da aji uku shi kaɗai kuma a ƙara masa wani darasin don babu mai yi, da wuya ya ji sanarwar, balle ya zauna cikewa. Sannan akwai kunya irin tamu: mutumin kirki a ƙauye ba ya tsayawa ya ce ni ne gwani. Sai an zo an same shi. Shi ya sa nake ganin duk karramawar da ke jiran malami ya kawo kansa, za ta yi ta zagayawa ne tsakanin makarantun birni.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Mutumin da ke koya wa yara tsimi da tanadi, shi kansa albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na babur ya cinye wani babban kaso na abin da malamin karkara ke ɗauka. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a ƙarshen shekarar, kuma dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65. Matakai ne na gaske, amma malamin Minjibir ɗin nan har yanzu da gonarsa da 'yan tumakinsa yake cike giɓi, yana turke rago tun watanni kafin Babbar Sallah. Ya ce dabarar da yake koyarwa ita yake ci, in ba haka ba da tuni ya bar aikin. Saboda haka allon katako mai rubutun zinare ba zai wadatar ba. Karramawar da za ta yi ma'ana a nan ita ce wadda za ta taɓa rayuwarsa: babur, buhunan taki kafin damina, kujerar ƙaro karatu, ƙarin girma a kan lokaci, littattafai na ajinsa.

Kuma ba sai an jira Abuja ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44, kowacce da sakataren ilimi, kowacce da hakimi da dagatai da suka san kowane malami da sunan mahaifinsa. Hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta jiha na da jami'an shiyya da ke zagaya makarantu. Za a iya cewa iyaye da tsofaffin ɗalibai da shugabannin makarantu su ne za su miƙa suna, da Hausa in sun so, da baki in ta kama. Masu tantancewa su je ajin ba sanarwa, su zauna a baya kamar yadda na zauna. Sakamakon jarrabawa ya shiga ma'auni, amma kada ya zama shi kaɗai. A ɗauki yara biyar a ba su lissafin buhu da bashi da riba, a ga ko za su warware. A tambayi iyaye mata ko wani abu ya canza a sana'arsu. A ware kaso na malamai mata, don su ne ke riƙe da 'yan matan da ba za su daɗe a makaranta ba. A kuma yi bikin a garin malamin, ranar kasuwa, gaban ɗalibansa da surukansa, domin a wurinmu girman da aka ba mutum a gaban mutanensa ya fi wanda aka ba shi a ɗakin taron otal.

Kuɗin yin wannan ba shi da yawa, kuma na san inda yake. Kano gari ne da kasuwanci ya gina, tun zamanin fatake, zuwa isowar jirgin ƙasa a 1911 da dalar gyaɗar da su Alhassan Ɗantata suka tara daga gumin waɗannan ƙauyuka. Yau ma hatsin da ke shiga Dawanau daga irin gonakin nan yake fitowa, kuma yaran da ke zaune a ajujuwan da na shiga su ne manoma da dillalai da masu awo na gobe, waɗanda 'yan kasuwa za su yi hulɗa da su. Ina kira ga shugabannin kasuwar Dawanau, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da suka fito daga Dambatta da Bichi da Minjibir da Makoda, da bankunan da ke neman masu ajiya a karkara: ku haɗa kai da masarautu da hukumomin ilimi, ku fara da ƙaramar hukuma ɗaya. Kafin 5 ga Oktoba mai zuwa, a je a nemo malamin tattalin arziki ɗaya da malamar kasuwanci ɗaya, a kira sunansu a bainar jama'a, a ba su abin da zai amfane su.